Ƙaton Jariri Da Zaƙin Jinin Uwa: Abin Da Kowane Gida Ya Kamata Ya Sani

Mu manoma mutanen awo ne. Muna auna dawa da mudu, muna ɗora gyaɗa da waken suya a kan sikeli, ba ma yarda a sayi amfaninmu da ka. Amma in aka yi haihuwa a gida, a ƙauyukan Karaye da Rogo, da wuya ka ji wanda ya tambayi nauyin jaririn. Da ido kawai muke duba shi. In ƙato ne sai a yi murna, a ce uwar ta ci ta ƙoshi, maigida kuma ya iya kiwo. In ɗan mitsitsi ne sai a yi shiru.

Ma'aikatan lafiya suna da nasu ma'auni. Yawancin jariran da suka cika wata tara sukan zo da nauyin kilo 2 da rabi zuwa kilo 4. Wanda bai kai kilo 2 da rabi ba ya yi ƙanƙanta. Wanda ya kai kilo 4 ko ya zarce ya yi girma da yawa. Dukansu biyu suna bukatar a sa musu ido. Yau za mu fi tsayawa a kan na biyun, gama shi ne wanda ake yi wa guɗa alhali kuwa wani lokaci alama ce ta ciwo a jikin uwarsa.

Abin da iyayenmu mata suka gani

Tun kafin zuwan asibiti, tsofaffin mata a ƙasar Hausa suna maganar zaƙi. Sukan hana mai ciki shan rake da zuma da mazarƙwaila, su ce zaƙi zai taru ya tare hanya, naƙuda ta yi tsawo. In ciki ya tsufa kuma sai su jiƙa mata maganin zaƙi don ya wanke ta.

Kada mu yi saurin raina wannan magana. Sun lura da wani abu na gaskiya, watau akwai dangantaka tsakanin zaƙi da wahalar haihuwa. Inda aka sha bamban shi ne wurin da zaƙin yake. Ba a bakin mahaifa yake taruwa ba. A cikin jini yake, kuma jiƙo ba ya wanke shi. Wani jiƙon ma zawo yake sawa, ya bar mace a galabaice daidai lokacin da take bukatar ƙarfinta.

Yadda jiki yake sarrafa abinci

Tuwo, fura, shinkafa, rogo, dankali, burodi, duk in sun shiga ciki sukari suke komawa, su bi jini. Wannan sukari shi ne man da jiki yake aiki da shi. Amma ba ya iya shiga tsoka da kansa, sai an buɗe masa ƙofa. Mabuɗin wani sinadari ne da ake kira insulin, wanda wani ɗan sashe da ke kwance a bayan tumbi yake yi. Insulin ɗaya ne daga cikin 'yan aiken jiki, waɗanda likitoci suke kira homon. Wani sashen jiki ne yake yin su, jini ya kai su wani sashe su isar da saƙo. A shekarar 1921 ne Banting da Best suka fitar da insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, har ya zama maganin da ake yi wa masu ciwon suga allurarsa.

Sa'ad da mace ta yi ciki, mabiyiya takan yi nata sinadaran. Ɗaya daga cikin ayyukansu shi ne su sa mabuɗin nan ya yi tauri, domin sukari ya ɗan daɗe a jinin uwa, ɗan da ke ciki ya sami rabonsa. Wannan shiri ne mai kyau. Mabiyiya tana girma, sinadaran suna ƙaruwa, musamman daga wata na biyar zuwa na shida. Jikin yawancin mata yakan ƙara yawan insulin ya daidaita al'amarin. Amma akwai waɗanda jikinsu ya kasa. Su ne sukari yake hauhawa a jininsu. Wannan shi ake kira ciwon suga na masu ciki. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa wajen haihuwa 1 cikin 6 a duniya, uwar tana da sukari fiye da kima sa'ad da take ɗauke da cikin.

Me ya sa jaririn yake ƙiba?

Sukarin uwa yana ratsa mabiyiya ya isa wurin ɗa, amma insulin ɗinta ba ya ratsawa. Saboda haka in sukarin ya yi yawa, ɗan yakan yi nasa insulin mai yawa don ya sarrafa shi. Insulin kuwa a jikin ɗan tayi kamar taki ne. Yana sa girma, yana tara kitse, musamman a kafaɗu da ƙirji da ciki. Wani likita a ƙasar Danmak mai suna Pedersen ne ya bayyana wannan tun a 1952. A 2008 kuma aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna HAPO, wanda aka yi a kan mata fiye da 23,000 a ƙasashe 9. Ya nuna cewa gwargwadon hawan sukarin uwa, gwargwadon nauyin jariri, ko da sukarin bai kai na cikakken ciwon suga ba.

Kowane manomi ya san abin da yakan faru in aka zuba wa shinkafa takin zamani fiye da kima. Takan yi tsawo, ta yi duhu gwanin sha'awa, iska ta zo ta kwantar da ita. Haka jaririn nan yake. Ga girman jiki, amma huhunsa kan yi jinkirin nuna.

Ina ƙiba ta shigo?

Kitsen jiki ba ajiya ce kawai ba. Shi ma yana fitar da sinadaran da suke sa mabuɗin insulin ya ƙara tauri. In mace ta shiga ciki da teɓa, sai tauri biyu ya haɗu, na kitse da na mabiyiya. Ko da gwaji bai nuna ciwon suga ba, mai ƙiba ta fi yawan haifar ƙaton jariri, ta fi kuma saurin kamuwa da hawan jini.

Wani zai ce wannan ciwon 'yan birni ne, ina ruwan matar manomi? Sai mu dubi gidajenmu. Injin niƙa ya hutar da dutse da turmi. Babur ya hutar da ƙafa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye a 1992, noman rani da kamun kifi sun ƙara kawo kuɗi a hannun mutane. Mun gode da wannan sauƙi, ba ma fatan komawa baya. Amma tare da shi shayi mai sukari da burodi, da taliya, da farar shinkafa, da lemon kwalba sun shigo har ƙauye. Kwalba ɗaya ta lemo tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 8. Ga kuma rake da mazarƙwaila a fadamunmu, waɗanda ba sai an je nesa ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma sun rame. Matsalolin biyu suna nan tare, wani lokaci ma a gida ɗaya.

Ga hanyar da ma'aikatan lafiya suke ganewa. Sukan auna tsawo da nauyi su yi lissafi. Misali, mace mai tsawon mita 1.6, in ba ta da ciki, ta kai kilo 64, ta fara wuce kima. In ta kai kilo 77, ta shiga sahun masu teɓa. Amma a lura, siririyar mace ma tana iya samun wannan ciwo, musamman in yana cikin danginsu.

Haɗarin da ke ciki

Ga uwa: naƙuda takan yi tsawo. Wani lokaci kan jariri ya fito, kafaɗu su maƙale. Wannan al'amari ne na 'yan mintoci, ba abin da ungozoma za ta iya a ɗaki. Akwai yagewa, akwai zubar jini bayan haihuwa, akwai hawan jini mai kai wa ga jijjiga. Doguwar naƙuda kuwa, kowane ne dalilinta, ita ce babbar hanyar yoyon fitsari, ciwon da ya kai mata da yawa asibitin Murtala a Kano da na Babbar Ruga a Katsina.

Ga jariri: yana iya mutuwa a ciki a makonnin ƙarshe. Wajen jawo shi, ƙashin wuya na iya karyewa, ko jijiyar hannu ta taɓu hannun ya shanye. Bayan an yanke cibiya, sukarin uwa ya daina zuwa, amma nasa insulin yana nan da yawa, sai sukarinsa ya faɗi. Za a ga yana rawar jiki, ko ya yi laushi, ko ya ƙi kama nono. Yakan kuma yi saurin yin shawara. In ya girma, ya fi sauran yara kusa da teɓa da ciwon suga.

Macen da take da ciwon suga tun kafin ta yi ciki, nata haɗarin ya fi. In sukarin yana sama a watannin farko, sa'ad da ake halittar gaɓoɓi, yana iya jawo ɓari ko nakasar zuciya da laka. Irin wannan mace ta ga likita tun kafin cikin ya shiga.

Abin da ya sa muke nanata wannan a yankinmu shi ne nisa. Binciken 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma, cikin haihuwa 5 ko ɗaya ba ta cika a asibiti ba. Daga wasu ƙauyukanmu, in damina ta yi nisa, kafin a sami mota a fita titi a kai Karaye ko Rogo, balle Kano ko Shika, an ci sa'o'i. Ba yau aka san haka ba. Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya. Sun tarar matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada a gudu daga wuta a faɗa ruwa

Muna roƙo kada wani ya karanta wannan ya je ya rage wa matarsa abinci wai don jariri ya zo ƙarami. A ƙauyukanmu ƙaramin jariri ya fi ƙato yawa, kuma shi ma yana mutuwa. Abin da yake kawo shi: ƙarancin abinci, ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, aikin wahala har ranar haihuwa, ciki a ƙuruciya, da gwarne. Maganinsa kuwa: kwana cikin gidan sauro, shan ƙwayoyin ƙarin jini kullum, shan maganin rigakafin zazzaɓi da ake bayarwa wurin awo daga wata na huɗu, da gishiri mai sinadarin aidin, wanda yake hana maƙoƙo, yake kuma taimakon ƙwaƙwalwar ɗa.

Dole mai ciki ta ƙara nauyi. Ma'aunin da likitocin Amurka suka tsayar a 2009, wanda ake bi a wurare da yawa, ya ce mai matsakaicin jiki ta ƙara kilo 11 da rabi zuwa 16 a dukan cikin, ramammiya kilo 12 da rabi zuwa 18, mai teɓa kuwa kilo 5 zuwa 9. Lokacin ciki ba lokacin neman rama ba ne. Mai son rage ƙiba ta yi kafin ciki, ko bayan yaye.

Wace ce za a gwada?

Yawancin masu wannan ciwo ba sa jin kome. Ƙishirwa da yawan fitsari da kasala kuwa, kowace mai ciki tana yinsu. Kada a jira sai an ga kiyashi a wurin fitsari. Gwajin jini ne kaɗai yake nunawa, gama gwajin fitsari yakan tsallake da yawa. Kowace mai ciki ta nemi a gwada ta, amma waɗannan su nema tun zuwan farko:

1. Wadda ta taɓa haifar jariri mai kilo 4 ko fiye.
2. Wadda ɗa ya taɓa mutuwa a cikinta, ko take yawan ɓari.
3. Wadda uwarta, ubanta ko wani ɗan ɗakinsu yake da ciwon suga.
4. Mai ƙiba, ko mai hawan jini.
5. Wadda ta wuce shekara 35.
6. Wadda aka taɓa gaya mata sukarinta ya hau a wani ciki.
7. Wadda cikinta ya yi girma fiye da watanninsa.

Babban gwajin ana yinsa tsakanin mako 24 da 28, watau wajen ƙarshen wata na shida. Za ta kwana ba ta ci kome ba, ruwa kawai. Da safe a ɗebi jini, a ba ta ruwan sukari mai giram 75 ta sha, a sake ɗiba bayan awa ɗaya, da bayan awa biyu. Bisa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013, in na farko ya kai 5.1, ko na biyu ya kai 10.0, ko na uku ya kai 8.5, ciwon ya tabbata. Wasu na'urori da wani ma'auni suke ƙirga, a kansu lambobin su ne 92, da 180, da 153. In ƙaramin asibitin kusa ba ya yin wannan gwaji, a tambayi inda ake yi, a karɓi takarda. Hukumar ta kuma ba da shawara a 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa, na farko cikin wata uku na fari.

In an same shi, me za a yi?

Ba abin fid da rai ba ne. Yawancin mata gyaran abinci da motsa jiki sun ishe su. Abincin kuwa yana rumbunmu da bayan gidanmu.

A raba abinci. Maimakon malmala biyu ta tuwo da dare, a ci kaɗan-kaɗan sau uku, da ɗan abin taɓawa tsakani. A cikin kwano, rabi ya zama ganye da miya: zogale, rama, alayyafo, tafasa, kuɓewa, kuka, yakuwa, kabeji. Kashi ɗaya cikin huɗu ya zama wake, awara, ƙwai, kifi, nama ko ƙuli-ƙuli. Sauran kashi ɗayan shi ne na tuwo. Dawa da gero waɗanda ba a surfe su fes ba sun fi farar shinkafa da garin kwaki da burodi. Danwake, alala, dambun zogale da faten wake duk abinci ne mai kyau, in ba a cika mai ba. Fura da nono a sha daidai, ba sukari. Koko da kunu su ma suna ɗaga sukari da sauri, a sha kofi ɗaya tare da ƙosai ko gyaɗa. Lemon kwalba, alewa, rake, mazarƙwaila, zuma da zoɓo mai sukari, a ajiye su. Kada a ruɗe da cewa zuma magani ce, ita ma sukari ce. Mangwaro da gwanda da lemo a ci kaɗan, ba a zauna a kan kwando ba.

Bayan cin abinci ta ɗan taka, ko minti 15 ne, har ya zama wajen rabin awa a yini. Wannan ba izni ba ne a ɗora mata ɗaukar itace da buhu.

In duk da haka sukarin bai sauka ba, likita zai ba da ƙwaya ko allurar insulin. Kada a ji tsoron allurar, ba ta ratsawa zuwa wurin ɗa. A ajiye ta a inuwa mai sanyi, kamar gindin randa, kada rana ta taɓa ta. Kada a sayi maganin suga a kasuwa, kada a ari na maƙwabci. Uwar kuma ta riƙa lura da motsin ɗanta. In ya ragu, a tafi asibiti ran nan, ba gobe ba.

Haihuwa a asibiti za a yi, inda ake iya tiyata da ƙarin jini. In likita ya ce za a tayar da naƙuda kafin lokaci, ko za a yi aiki, kada kunya ko maganar mutane ta hana. Haihuwa ta hanyar aiki ba ragwanci ba ce.

Bayan haihuwa

A sa jariri a nono cikin awa ta farko, a riƙa ba shi a kai a kai, a rungume shi a ƙirji ya sami ɗumi. Kada a matse dakashi a zubar, shi ne abincin da zai tsare sukarinsa. A auna shi, a rubuta nauyin a kati, a adana katin, gama zai yi amfani a ciki na gaba.

Da mabiyiya ta fita, sukarin yawancin mata yakan koma daidai. Amma ciwon ya bar gargaɗi. Wani nazari da aka buga a 2009 ya nuna irin waɗannan mata sun fi sauran kusa da cikakken ciwon suga har wajen ninki 7. Saboda haka a sake gwaji mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa, watau kusan lokacin da aka gama arba'in, sa'an nan a riƙa maimaitawa lokaci lokaci. Shayarwa tana taimakon uwa da ɗa. A kula da abincin jego kuma, kada a cika mai da sukari, kada a cika kanwa, gama tana wahal da zuciya.

Aikin da ya rage wa ƙungiyoyinmu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abubuwa biyar da muke so kowace ƙungiya ta tattauna a taronta na gaba.

Na ɗaya, asusun haihuwa. Da kaka kowane memba ya ba da mudu ɗaya ko biyu, a sayar, a ajiye domin kuɗin mota da gwaji. A rubuta shi a littafi dabam da na taki.

Na biyu, mota. A yi magana da direba ɗaya ko biyu tun da wuri, a san lambarsu, a san farashi, dare ko rana.

Na uku, jini. A sami matasa masu lafiya da suka san rukunin jininsu, waɗanda suka yarda su bayar in bukata ta taso.

Na huɗu, lambu. Kowane gida ya dasa zogale a jikin danga, ya busar da rama da kuɓewa da kuka domin rani. Kada a sayar da wake da ƙwai duka a bar mai ciki da tuwo tsura.

Na biyar, zumuntar mata ta san masu ciki na unguwa, ta riƙa tambaya: kin je awo? An gwada jininki? A gayyaci ma'aikaciyar lafiya ta zo ta yi bayani, a kira ungozoma da surukai su ma su ji, gama maganarsu ce ake bi a ɗaki.

Ku kuma magidanta, izni da kuɗi a hannunku suke. Ku ba da izni tun yau, cewa in naƙuda ta zo ba kwa nan, a wuce da ita asibiti ba sai an jira ku ba. Ku raka ta awo ko sau ɗaya ku ji da kunnenku. Wanda yake zagaya gonarsa tun daga shuka har girbi, bai kamata ya bar wannan gonar sai ranar girbi ba. In kuna da tambaya, ku ba sakataren ƙungiyarku ya kawo mana, za mu kai wa ma'aikatan lafiya mu kawo muku amsa a fitowa ta gaba.